Baballe Tela da Tutar Kukar Ramalan

Idan ka baro Rano ka kama hanyar Kibiya, akwai wani gari da za ka ratsa ta tsakiyarsa, ana ce masa Kukar Ramalan. Bai kai a kira shi birni ba, amma ka kuskura ka ce masa ƙauye a gaban ɗan garin, ranar sai ka sha bayani. Rabin mutanensa kasuwar Rano suke ci, rabi kuma ta Kibiya, kowane ɓangare kuma gani yake ɗayan wahalar banza yake yi. A bakin titi, daura da tsohuwar kukar da garin ya ci sunanta, nan shagon Baballe tela yake: rumfar langa-langa, benci guda, baƙin keken ɗinki na takawa, da rediyon da ba a kashe shi sai an kira salla.

Baballe ba haifaffen garin ba ne. A Saji aka haife shi, gidan manoma. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka. Tun yana saurayi aka gane fartanya ba ta karɓe shi ba. In 'yan'uwansa sun kai ƙarshen kunya, shi yana can tsakiya ya dogare, yana hira da mai wucewa. Da mahaifinsa ya gaji, sai ya kai shi Rano wajen wani tela, hannu kuwa ya faɗa. Ya ɗan taɓa zaman Kano, bai jima ba ya tattaro ya dawo, ya ce garin da za ka gai da mutum ya amsa maka yana tafiya ba nasa ba ne. Ya auri Murja, 'yar Kukar Ramalan, ya kafa keke a garin surukansa, ya yi zamansa.

Gajere ne, mai fara'a, kullum da tef a wuya da allura soke a gefen hula. Aibinsa guda ne, kowa ya san shi, har shi kansa: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk abin da ka zo masa da shi, kafin ka rufe baki ya ce, “An gama.” Ba yaudara yake nufi ba. A lokacin da yake faɗa, har cikin ransa haka yake ji, kuma yawanci yakan yi ɗin, ko da zai hana kansa cin abincin rana. Murja takan ce da wani zai roƙi Baballe ya ɗinka wa kukar nan riga, tef zai ɗauko ya fara awo.

Da soja suka koma bariki aka buɗe siyasa, sai wata sana'a ta faɗo masa wadda bai taɓa zato ba. Kowace jam'iyya tana son ƙananan tutoci da za a ɗaura a babura da bishiyoyi, shi kuwa duk wanda ya zo, an gama. Akwai lokacin da tutocin jam'iyyu masu gaba da juna suke rataye a igiya ɗaya cikin shagonsa. In magoya bayan wannan suka leƙo suka ce, “Baballe, kai na wa ne?” sai ya ce, “Naku ne mana.” In waɗancan suka zo, su ma nasu ne. Ranar zaɓe ba wanda ya san inda ya dangwala, har Murja.

Ba a jima ba kuma aka zo ƙaddamar da Shari'a a Kano. Garin ya cika da motocin da za a tafi da su, kowace mota tana son koriyar tuta, Baballe ya yi ta taka keke har ƙafarsa ta kumbura. Shi ma ya bi ayari, ya dawo murya a dishe saboda kabbara. Bayan nan ɗinkin hijabi ya ɓalle, mata suka yi ta aiko da yadi. Amma sunan da ya bi shi tun daga lokacin shi ne Baballe Mai Tuta, kuma yana jin daɗin sunan ƙwarai.

To, a cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyar ci gaban garin ta gina ɗakin taro da aikin gayya. Shugabanta Alhaji Ubaidullahi ne, ɗan kasuwar hatsi da ke kai kaya Kano, dogon mutum mai son a yi abu a tsare. Da aka gama gini, mai waldar da aka sa ya kafa sandar tuta a ƙofa ya ga ƙarfe ya ragu, sai ya kafa biyu don a ji daɗi. Aka ɗaura tutar Nijeriya a ɗaya, ɗayar ta tsaya tsirara. Duk sanda Alhaji ya wuce ya ganta, sai ransa ya sosu.

Ya kira taron kwamiti bayan la'asar, aka gayyato Baballe tun da shi zai yi aikin.

“Ƙasa tana da tuta,” in ji Alhaji, “jam'iyya tana da tuta, har 'yan ƙwallon garin nan suna da wani tsumma da suke ɗagawa. Mu da muka gina wannan wuri da hannunmu fa? Ni dai shawarata, mu yi wa Kukar Ramalan tutarta.”

Ba wanda ya ƙi. Rigimar ta tashi ne a kan abin da za a sa a jiki. Wani ya ce a rubuta kalmar shahada. Malam Muhammad Sani, na'ibin liman, ya girgiza kai.

“A'a. Tuta abar waje ce. Iska tana iya jefar da ita ƙasa akuya ta taka. Kada a sa sunan Allah inda ba za a iya kiyaye shi ba. Sannan kada a zana abu mai rai.”

“Bishiya fa, Malam?”

“Bishiya babu laifi.”

Wani ya ce a sa masara tun da garin manoma ne. Wuri ya kaure, aka ce alamar jam'iyya ce. Wani cikin zolaya ya ce to a sa laima, aka kusa yin dambe. Masu cin kasuwar Rano suka ce a sa dutse, don duk wanda ya san ƙasar Rano ya san duwatsunta. Masu cin ta Kibiya suka ce in an sa dutse, to wallahi sai an sa kibiya. Baballe na zaune a gefe, duk wanda ya yi magana sai ya gyaɗa masa kai.

Ana dab da kiran magariba Alhaji ya buga hannu a benci ya yanke. Launi uku, a kwance: kore a sama saboda noma, fari a tsakiya saboda zaman lafiya, ruwan ƙasa a ƙasa saboda ƙasar da ke ciyar da su kuma za ta karɓe su. A tsakiyar farin, kuka guda ɗaya, asalin gari. Shi ke nan.

“Baballe, ka ji ko? Launi uku da kuka. Kada ka ƙara ko ɗigo.”

“An gama, Alhaji.”

Washegari da hantsi, yana cikin yanka yadi, sai ga Manu, dattijon Fulanin da ke rugar bakin rafi. Ya jingine sandarsa, suka gaisa, suka taɓa 'yar tsokanar da suka saba. Can Manu ya yi gyaran murya.

“Na ji za a yi wa gari tuta, an sa kore don manoma. Mu fa? Kakana a nan ya yi kiwo tun kukar nan ba ta yi kauri haka ba. A sa mana saniya.”

“Kawu Manu, Malam ya hana abu mai rai.”

“To ƙwarya tana da rai?”

“Ba ta da shi.”

“Sa mana ƙwaryar nono, da sanda a gefe. 'Yar ƙarama. Ba sai kowa ya ji ba.”

Baballe ya dubi yadin, ya ga farin da fili. Ƙwarya guda me za ta ci? Ya ce an gama.

Bayan azahar Munzali ya faka babur a ƙofar shago. Shi ne shugaban 'yan acaɓan garin, masu jigila zuwa Rurum da Madachi da duk inda mota ba ta shiga.

“Baba Baballe, in mace ta tashi haihuwa wa ke kai ta asibitin Rano? Kuka ce ke kai ta?”

“Ku ne, Munzali.”

“To a sa babur.”

“Babur da wahalar yankawa.”

“Taya ma ta isa. Amma tsakaninmu.”

Ita kuwa Gwaggo Hasana mai ƙuli-ƙuli ba ta ma zauna ba. Tsayawa ta yi da tire a ka, ta ce ta ji maza sun shige ɗaki sun raba tuta a tsakaninsu, alhali ranar aikin gayya mata ne suka yi ta jido ruwa da dafa abinci. Turmi da taɓarya take so, kuma a sa inda za a gani. Ta ajiye masa ƙuli-ƙuli a kan keke ta wuce, ba ta jira amsa ba, don ta san amsar.

Daga nan hanya ta buɗe. Maƙera suka kawo maganar guduma, mahauta wuƙa, masu noman rani albasa, manoman damina suka ce kore kawai bai isa ba sai da zangarniyar dawa. Mutanen ɓangaren Rano suka zo a ɓoye aka sa dutse, na ɓangaren Kibiya suka zo a ɓoye aka sa kibiya. Wata safiya Malam Muhammad Sani da kansa ya kawo gyaran aljihu, yana shirin tafiya ya ce, kamar abin bai dame shi ba, allo dai ba shi da rai, kuma gari ba ya zama gari sai da karatu. Na ƙarshensu shi ne Alhaji Ubaidullahi. Ya tsayar da mota bai fito ba, ya yafito Baballe, ya rage murya.

“Na yi tunani, 'yan kasuwa su ne ke haɗa garin nan da duniya. Ɗan mudu ƙarami a gindin kukar ba zai ɓata komai ba. Kada ka gaya wa kwamiti.”

Baballe ya buɗe baki zai faɗa masa abin da ke tare a gindin kukar tuni, amma abin da ya fito shi ne, “An gama, Alhaji.”

Gaskiyar magana, aikin ya shiga ransa. Bai taɓa yin ɗinkin da ya ji daɗinsa haka ba. Kowace alama sai ya nemo mata ƙyallen da ya dace: kaki mai kauri don dutse, baƙin yadin wando don taya, ragowar shadda ruwan ƙwai don ƙwarya. Ya yanka, ya ɗora, ya bi gefen da zaren surfani. Da ya tuna cewa tuta ta fuska biyu ake kallonta, sai ya sake yin komai a bayan. Ya ga ɗinkin yana tattarewa, ya sa shafi a tsakiya don ta miƙe. Ya ga gefen zai iya zarewa, ya kewaye shi da kalmasa mai faɗi. In mutum ya nufo shagon sai ya yi maza ya rufe ta da zani.

Ana gobe bikin buɗe ɗakin taro ya naɗo ta ya kawo gida, ya shimfiɗa a tabarma don Murja ta gani. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ta yi kyau, kuma da gaske take. Sannan ta sunkuya ta ɗaga gefe ɗaya, ta sake.

“Malam, wannan tuta ce ko bargo?”

“Inganci ke nan. Wannan sai jikokinmu sun gan ta.”

“Ba ganin nake ji ba. Iska za ta iya ɗaga ta?”

“Iskar bazara? Wadda ke yaye rufin ɗaki?” Ya yi dariya. Amma da ya zo naɗewa, shi ma ya ji nauyinta a hannunsa.

Ranar biki gari ya cika. Dagaci ya zo, kansila ya zo da 'yan rakiyarsa, 'yan acaɓa suka jera babura, mata suka taru a gefe ƙarƙashin darbejiya. Hadari na haɗowa daga gabas, iska tana kaɗawa har tana tuge huluna. Baballe ya sa sabuwar riga, ya ji iskar nan a fuskarsa, ya yi hamdala a ransa.

Alhaji Ubaidullahi ya karɓi lasifika ya yi bayani mai daɗi a kan kore da fari da ruwan ƙasa, da kuka guda ɗaya tilo da ta haɗa kowa a inuwarta. Aka yi addu'a. Aka ɗaura tutar a naɗe, aka ce Munzali ya ja igiya. Ya ja da hannu ɗaya, ya ji shiru, ya sa hannu biyu. Sandar ƙarfen ta ɗan rusuna. Da ƙyar tutar ta kai sama, ta warware, ta zubo ta manne da sandar.

Aka jira. Iska ta ƙara ƙarfi. Tutar Nijeriya a gefe tana ta fal-fal-fal kamar za ta tsinke, tasu kuwa ko gezau, sai dai gefen ƙasa ya ɗan motsa kamar kunnen jaki. Kansila ya dafe hularsa yana kallon sama. Wani daga cikin 'yan acaɓa ya ce, “A tura ta mana, ko za ta tashi a giya!” Wuri ya ɓarke da dariya, har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga.

Fuskar Alhaji ta haɗe. Ya ce a sauko da ita a ga abin da ya riƙe ta. Aka sauko da ita, mutum huɗu suka kama kusurwoyi suka buɗe. Sai Manu ya miƙa sandarsa ya nuna.

“Ga ƙwaryarmu can!”

“Ga taya!” in ji Munzali.

Gwaggo Hasana ta ratso maza ta duba, ta juya ta rangaɗa guɗa, matan ƙarƙashin darbejiya suka amsa. Nan take aka yi caa a kan tutar, kowa na laluben nasa, wanda ya gani ya kira ɗan'uwansa ya nuna masa. Masu dutse suka ga kibiya suka tsuke fuska, masu kibiya suka ga dutse suka ce ai dama sun sani. Sarkin aska ya duba sama ya duba ƙasa bai ga ƙaho ko aska ba, ya ce lallai an raina wanzamai a garin nan, ya yi fushi ya tafi. Kafin a gama wannan ruwa ya sauko, kowa ya yi ta kansa.

Baballe bai tsaya ganin ƙarshen abin ba. Tun dariyar farko ya sulale ta bayan ɗakin taro ya nufi gida. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda mutane suka zata. Mutum ne da ya saba a yi dariya tare da shi, bai saba a yi masa ba. Ya kwana biyu bai buɗe shago ba, ya ce zazzaɓi yake ji. Labari ya iso shi har ɗaki cewa matasa sun sauya masa suna, yanzu Baballe Mai Bargo ake cewa. Murja ta ci gaba da kai masa kunu, ba ta ce ai na faɗa maka ba, kodayake ya ga maganar a bakinta.

Rannan da yamma aka yi sallama, aka ce Alhaji Ubaidullahi ne. Baballe ya fito zaure, ya shimfiɗa tabarma. Suka gaisa. Alhaji ya fara da faɗa, ya ce an kunyata shi a gaban baƙi, ya tsaya yana ta zuba bayanin kuka guda ɗaya tilo, ashe kasuwa guda ce a jikin tuta.

“Na ce maka kada ka ƙara ko ɗigo. Na faɗa ko ban faɗa ba?”

“Ka faɗa, Alhaji.”

“To wa ya sa ka?”

Baballe ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can Alhaji ya yi tari, ya gyara zama, ya kalli rufin zaure.

“Mudun dai ya fito da kyau,” in ji shi a hankali.

Baballe ya ɗago, suka haɗa ido, dariya ta ƙwace wa Alhaji, shi ma ya bi. Sai da suka yi mai isarsu har Alhaji yana share hawaye da gefen rawani. Sannan ya gaya masa abin da kwamiti ya yanke. An so a farke alamomin a bar kuka, amma duk wanda aka ce za a fara cire nasa sai ya tashi tsaye, har Malam. Don haka waccan za a kafe ta a bango cikin ɗakin taro, inda ba ruwanta da iska. Sandar waje kuwa a ɗinka mata wata, mara nauyi, yadda aka tsara tun farko.

“Amma ba a shago za ka ɗinka ta ba,” in ji Alhaji. “Na san ka. Ka shigo da keken cikin gida, inda maza ba sa shiga.”

Haka aka yi. Aka ɗauko keke aka kai rumfar Murja. Dabarar ta yi aiki a kan maza, sai dai Alhaji ya manta da cewa mata suna shiga. Baballe na fara yanka sai ga sallamar Gwaggo Hasana, da wasu mata biyu a bayanta, ɗaya mai kitso ɗaya mai saƙar tabarma. Baballe ya ji bakinsa ya fara haɗa kalmar da ya saba. Murja ta riga shi.

“Gwaggo, sannunku da zuwa. Wannan karon ba a sa komai. Na kowa yana can a bango.”

“Ke Murja, da mijinki muke magana.”

“Ai ya ba ni wuƙa da nama a kan wannan, Gwaggo. Ko ba haka ba, Malam?”

Baballe ya duƙufa a kan keke yana takawa da ƙarfi, kamar ƙarar ta hana shi ji. Matan suka zauna suka sha fura, suka yi 'yar mita, suka tafi. Da suka fita ya share gumi, ya ce bai taɓa shan wahalar ɗinki irin ta yau ba.

Sabuwar tutar ba a yi mata biki ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Munzali ya ɗaura ta, ya ja da yatsu biyu, tana kaiwa sama iska ta ɗauke ta ta miƙe sarai, kore da fari da ruwan ƙasa, 'yar kuka a tsakiya. Baballe na tsaye daga bakin shagonsa yana kallo, ya kasa komawa kan keke sai da aka kira la'asar.

Abin da bai zata ba shi ne, ta bangon ce ta yi suna. Duk baƙon da ya shiga ɗakin taro sai ya tsaya a gabanta, kuma ba a rasa ɗan gari da zai tsaya ya yi masa bayani, yana farawa da alamar gidansu. Daga baya aka lallashi Sarkin aska, Baballe ya hau benci ya ƙara ɗan ƙaho a kusurwa, ya ƙara mashaci saboda masu kitso. Ƙungiyoyi daga Madachi da Rurum, har da wata makarantar Islamiyya a Kibiya, suka riƙa aiko masa a yi musu irin ta bango. Sunan Mai Bargo bai bar shi ba, amma ya daina jin zafinsa, har in an kira yakan amsa.

Ta wajen kuwa ba ta wuce damina guda sai ta koɗe ta yage, sai a sake wata. Shi ya yi ta ɗinkawa shekara da shekaru, har idonsa ya fara gaza zura zare a allura, babbar 'yarsa Nana Khadija ta karɓi aikin daga ɗakin mijinta. Shi kuma ya koma yanka da awo da hira, wadda dama ita ce rabin sana'ar.

Akwai wata damina da aka yi guguwa mai ƙarfi, ta tsinke igiya ta tafi da tutar ɗungurungum. Aka nema a bayan gari ba a gani ba, aka haƙura. Ranar kasuwa sai ga wani manomi a kan keke daga wani ƙauye can gaba da Kibiya, ya tsaya yana tambayar ina ne gidan mai tutar nan. A gonarsa ya tsince ta, ta maƙale a kan ƙaya, wani ɗan acaɓa ya gaya masa ta mutanen Kukar Ramalan ce. Aka nuna masa shagon Baballe.

Baballe ya karɓa ya warware, duk ta yi taɓo, gefe ɗaya ya yage. Ya tambayi mutumin sunan ƙauyensu, ya faɗa. Ya sake tambaya, ya sake faɗa.

“Har can ta je? Da kanta?”

“Har can, Baba.”

Baballe ya aika gida a kawo wa baƙo abinci, ya hana shi tafiya sai da ya ci ya ƙoshi. Duk wanda ya wuce ta bakin shagon a ranar sai ya kira shi, ya sa manomin ya maimaita masa inda ya tsince ta. Da yamma ya cusa wa mutumin sabuwar hula a aljihu, ya raka shi har bakin kuka, sannan ya dawo ya ba da tutar a wanke.